Kowa da Halinsa a Motar Kallon Namun Daji

Gandun dajin Kuruga da ke arewa maso gabashin Afirka ta Kudu ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 19,500, kuma tun 1926 hukuma ta mai da shi gandun ƙasa. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a wuce gudun kilomita 50 a awa kan kwalta ko 40 kan burji, kuma dole a koma masauki kafin a rufe ƙofa da yamma. Ka ga ke nan iyalin da ko a gida ba sa haɗuwa sai ranar Sallah, an cusa su cikin mota ɗaya tun asuba, ana tafiyar hawainiya, ana jiran zakin da bai yi wa kowa alkawari ba. Kafin rana ta take, halin kowa ya fito fili.

A fara da mai gayya mai aiki, wato Alhaji. Shi ya biya kuɗin jirgi da masauki, kuma bai yarda kowa ya manta ba. Duk abin da aka faɗa masa da kuɗin rand sai ya juya shi zuwa naira a waya, ya yi salati, sannan ya biya. An gaya masa akwai manyan dawa biyar da kowane baƙo ke burin gani, zaki da giwa da ɓauna da karkanda da damisa, shi kuwa ya ɗauke su tamkar kayan da ya biya yana jiran a kawo. Barewar farko da aka gani har da shi a masu kabbara. Bayan awa uku, an wuce garke na talatin, sai ka ji ya gyara murya: "Malam direba, barewar nan dai ta ishe mu haka. Ina zakin?" A ransa ya gama yanke hukunci cewa ɗan jagoran ya san inda zakin yake, goro kawai yake jira. In Allah ya sa aka dace, sai a tarar da sarkin dawan a miƙe ƙarƙashin bishiya, ba abin da ake gani sai kunne ɗaya da wutsiya tana korar ƙuda, domin zaki mafi yawan yininsa barci ne. Alhaji ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Wannan shi ne? To ka ɗan matsa masa hon mana ya tashi." Ba a matsawa. Doka ce.

Kusa da direba akwai Kawu, masanin da bai taɓa shiga daji ba amma ya ƙare duk shirye-shiryen dabbobi na talabijin. Ɗan jagoran da ya shekara da shekaru yana wannan aiki ba ya kai jimla ƙarshe sai Kawu ya karɓe ta. Shi ne mai madubin hangen nesa, kuma ba ya ba kowa aro. Can sai ya daka tsawa: "Tsaya! Karkanda!" Direba ya taka birki. To al'adar Kuruga, mota ɗaya in ta tsaya, duk ta bayanta sai ta tsaya, don an san ba a tsayawa a banza. Kafin ka ce kwabo motoci goma sun jeru, Turawa sun zuro dogayen kyamarori ta taga, kowa na raɗa yana tambayar na kusa me aka gani. Minti goma ana zuba wa abu ido bai motsa ba. Suri ne. Kawu bai ji kunya ba, cewa ya yi karkandar tana bayan surin, hayaniyar yara ce ta kore ta. Haka kuma in yawon ya kai su Kef ta Gud Hof zai tara iyali ya sanar da su cewa yau sun taka ƙarshen Afirka. In aka nuna masa cewa ƙarshen nahiyar ta kudu yana Kef Agulas, can gabas da wurin, sai ya ce ai abin da yake nufi ke nan.

Sai Yaya Babba, jarumin baki. Tun a filin jirgin Johannasbag yake cika baki cewa in ba don doka ba da ƙafa zai ratsa dajin. Maganinsa yana gandun Cobe a Botsuwana, inda giwaye ke saukowa kogi garke-garke da yamma. Ranar da toron giwa ya tsaya tsakiyar hanya, ya baza kunnuwa ya ɗaga hanci, muryar da aka fara ji daga ƙarƙashin kujera tasa ce: "Ribas, direba, don girman Allah ribas!" A gadar da ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe kuwa, wadda aka gina tun 1905, inda masu ƙarfin hali ke ɗaura igiya a ƙafa su faɗa ramin da ya haura mita 100, ya leƙa sau ɗaya ya tuna yana da ciwon baya.

Ni dai in za a raba gari, ɓangaren Hajiya nake. Ita ce aka yi wa dariya a gida da ta cika akwati da rigunan sanyi da barguna a watan Yuli, ana ce mata ai Afirka za a je ba Rasha ba. Ba wanda ya lura cewa a can ƙasan duniya Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturu. Ƙarfe shida na safe, a buɗaɗɗiyar mota, iska na yankan kunne, har Alhaji sai ga shi lulluɓe da mayafinta mai furanni. A jakarta akwai yaji, da fulas ɗin shayi, da man zafi, da maganin zazzaɓin cizon sauro da take bin kowa da shi. Busasshen naman nan nasu da ake kira biltong ba ta taɓa shi sai ta ji wanda ya yanka. Da aka kawo mata pap ta ɗanɗana ta ce tuwon masara ne da bai samu miyar kuka ba. Hankalinta bai kwanta ba sai a unguwar Bo-Kaf ta Kef Tawun, mai gidaje kala-kala, inda ta ci abinci ba tambaya, ta ga masallacin Auwal da ke tsaye tun 1794. Abokin gabarta ɗaya ne, biri. A wurin hutawa ta shimfiɗa ledar abinci, ta juya ta zuba wa Alhaji shayi, ta waiwayo ta ga burodin a kan reshe a hannun wani ja'iri yana ɓare ledar a natse yana kallonta. Zagin da ya sha da Hausa, da yana ji da ya dawo da burodin.

'Yar gidan mai hoto ba ta ga komai da idonta ba, domin duk abin kallo baya take juya masa. A mafaɗar ruwan Biktoriya, inda kogin Zambezi mai faɗin mita 1,700 ke zubawa cikin rami mai zurfin fiye da mita 100, feshin ruwan jiƙa mutum yake sharkaf. Kowa ya sa rigar leda, ita ta ƙi, wai za ta ɓata mata kwalliya. Ta fito gazal ya zubo har haɓa, waya ta ɗauke.

Akwai kuma mai barci, wanda ba abin da za a ce game da shi sai cewa an biya masa kuɗin jirgi. Ga Inna tsohuwa da ba abin da ke burge ta. Kura? A zamaninsu har bakin ƙofa take zuwa ɗaukar akuya. Tsuntsayen fengwin na gaɓar Boldas ne kawai suka sa ta dariya har da hawaye, tana cewa ji tafiya sai ka ce an aike su ba sa son zuwa.

Auta kuwa, fitsari ba ya matsa masa sai an tsaya tsakiyar garken ɓauna, inda buɗe ƙofa ma haramun ne. Giwa ba ta dame shi ba, buzuzun da ke mirgina kashinta ne ya tafi da hankalinsa. Da yake ba ya neman komai, shi ke ganin komai. Wata yamma ana sauri kada a rufe ƙofa, ya ja hannun rigar uban ya ce, "Baba, ga mage a kan bishiya." Alhaji na lissafi, Kawu na bayani, aka ce ya yi wa mutane shiru. Sai da aka dawo gida aka gyara wayar yayarsa, aka buɗe wani hoton da ta ɗauki kanta, sannan aka ga doguwar wutsiya mai ɗigo-ɗigo tana reto daga reshe a bayan ɗankwalinta. Har yau Alhaji huɗu yake ƙirgawa cikin biyar, yana cewa Afirka ta Kudu na riƙe masa damisa.

Mai niyyar kai iyalinsa ya nufi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa a bakin ruwa. A tafi da rigar sanyi, a rufe gilashi in an ga biri, kuma don Allah kada a ba Kawu kujerar gaba.