Yadda Littafin Chow Ya Sha Banda

Duk ɗan Haɗeja gani yake ya san ruwa. Mun tashi muna ɗura yashi a buhu muna jinga kowace damina, mun kuma ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonakin shinkafa daga Auyo har Kiri Kasamma. Don haka da aka zo rabon kundin kammala digiri a sashen injiniyancin ruwa, ni da bakina na zaɓi yadda kacalla ke toshe hanyoyin ruwa a fadamarmu. Na cika shafuka da abin da na sani, na kai wa malamina ina ƙafafa.

Ya juya takardun ya ce, "Ina ƙididdigar ruwan? Ina lambar Manning? Wa ya faɗi wannan kafin kai?"

"Dakta, ai a kan idona ake yi."

"Idonka ba ya shiga jerin manazarta. Tafi laburare."

Ina aji biyar, amma abin da na sani a laburaren shi ne inda ake cajin waya. Hajiyar da ke kula da sashen ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, baƙo ne kai?" Ita ta koya mini cewa haruffan da ke gadon bayan littafi adireshi ne: TC unguwar injiniyancin ruwa, GB ta ilimin koguna da ruwan sama. Ta rubuto mini kalmar sirrin AGORA da OARE, inda muƙalar da ake neman daloli a kanta a intanet take kyauta ga ɗalibi, ta ce in na dace da muƙala mai kyau in fara da shafinta na ƙarshe, don nan ake samun sunayen magabata. Sannan ta ɗauko wani tsohon littafi mai nauyi, Open-Channel Hydraulics na Ven Te Chow, bugun 1959.

A ciki akwai jadawalin lambar Manning, wato gwargwadon yadda ƙasan rafi da ciyawarsa ke riƙe ruwa. Rafi miƙaƙƙe mai tsabta 0.030, mai cunkoson ciyawa 0.100 har zuwa 0.150. Na bi layi-layi, babu kacalla. Ko dai Chow bai taɓa zuwa Guri ba ne? Na ari littafin, na ce ni zan cike giɓin da ya bari.

Dabarar mai sauƙi ce a takarda. Ka auna tsawon wuri, ka jefa lemo a ruwa, ka duba daƙiƙa nawa ya yi kafin ya isa, ka ninka saurinsa da kusan 0.8 saboda ruwan da ke sama ya fi na ƙasa gudu. Na sayi lemo cikin leda, na roƙi Kawuna masunci ya kai ni mashigar Marma, wadda ke kai ruwa tafkin Nguru.

Lemon farko ya yi tafiyar taƙi guda ya maƙale a kacalla, ya zauna abinsa. Na biyu ya fara tafiya da kyau, ina riƙe da waya ina ƙirga, sai ga wani yaro ya ɓullo daga ruwa ya cafke, ya ɗago hannu ya ce, "An gode, Yaya!" Ganin haka yaran ƙauyen suka jeru a ƙasan ruwa suna jiran sadaka.

Kawu ya jingina da sandar tuƙi ya yi dariya har da tari. "Kai da boko! Da can da rani a ƙafa muke haye nan, yashi ne fari fat. Tunda aka datse Tiga ake sako ruwa rani da damina, wuri ba ya bushewa, ciyawar nan ta sami gida. Ta tare laka, ta tare kwalekwale, ga jan-baki ya mai da ita masauki yana cinye mana gero." An gama Tiga a 1974, Challawa ta biyo baya a 1992, kuma Kawu bai san shekarun ba, amma ya san sauran.

Lemo ya kusa ƙarewa, sai na miƙa hannu in ceto na farkon, littafi a hammata. Kwalekwale ba ya son gardama. Da na taso, ruwa iya ƙirji, laka ta cinye mini takalmi ɗaya, sai Kawu ya leƙo ya ce, "To injiniya, zurfin dai ka samu. Rubuta."

Chow ya kumbura ya ninka kansa. Na shanya shi a tsakar gida na kwanta da zazzaɓi, sai Inna ta ga hadari ya haɗo, ta ɗora shi a kan ragar banda tare da tarwaɗa. Ya bushe sarai, ba ƙarya.

Tun ina bakin ƙofa Hajiya ta ɗaga hanci. Ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta tara, ta tashi ta ciro wani littafi can gaba kaɗan da inda ta ɗauko na farko: The Hadejia-Nguru Wetlands, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace, IUCN ta buga a 1993, cike da bayanin yadda Tiga ta sauya ambaliyar fadamar. Ta ce ƙididdigar ruwan da ake aunawa a Wudil da Haɗeja kuma, in karɓi wasiƙa daga sashe in kai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a Kano.

"Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba tun farko?"

"Ka tambaya ne? Kana karɓar littafi ka fita da gudu. Kuma in za ka sake kawo mini ƙamshi, ka haɗo da kifin."

Na kai mata ƙulli guda da na koma hutu, tarar kuma ba a rage ko kwabo ba. Littafin Chow yana nan a kantar TC, kuma 'yan aji huɗu sun tabbatar mini ba sai an duba lamba ake gano shi ba.