'Yan Cacar Ƙwallo Kala-Kala

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ya san ba kowane mai ihu ne yake yi don kulob ba. Wani tikitinsa ne yake ci da wuta. Ga su nan iri-iri.

Na farko shi ne Farfesa. Shi a wurinsa wannan ba caca ba ce, ilimi ne. Ya san ɗan bayan da gwiwarsa ke ciwo, ya san alƙalin wasan da ba ya jin nauyin ɗaga jan kati. Ranar da Saudiyya ta lallasa Ajantina da ci 2-1 a Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Ƙatar, Farfesa ya yi awa biyu yana bayyana wa majalisa inda Messi ya yi kuskure. Lissafinsa kuwa, ko kusa, bai taɓa kuskure ba.

Sai Mai Dogon Tikiti. Naira 100 ya zuba a Bet9ja ko SportyBet, ya jero wasa 20, yana jiran miliyoyi. Tun kafin a busa usur ya gama rabon kuɗin: A Daidaita Sahu biyu, lefe akwati shida, kujerar Makka ga Hajiya. Abin da bai lissafa ba shi ne, ko da kowane wasa yana da damar kashi 70 cikin 100 na zuwa yadda ya zaɓa, wasa 20 su zo daidai gaba ɗaya sau ɗaya ne cikin kusan 1,250. Kullum labarinsa guda: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni!" Wannan saura-ƙiris ɗin ne ƙugiyar, don zuciya tana ɗaukarsa kusantar nasara, ta ce a sake gobe.

Akwai Ɗan Amana, mai zuba kuɗi kan Manchester United saboda so. Tun tafiyar kocinta Ferguson a 2013 yake biyan harajin soyayya.

Akwai kuma Mai Ɓoyo. Idan aka zo hirar caca a majalisa, shi ne kan gaba wajen "Allah Ya shirya". Da Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024, har ya yaba. Bai yi asarar komai ba: shagonsa yana cikin waya, wayar tana aljihun gaba, aljihun yana ƙarƙashin babbar riga. Ana gane shi ne idan wata ƙungiya a rukuni na biyu na Norway ta zura ƙwallo, shi kuma ya yi salati ba gaira ba dalili.

Kada a manta da Dillalin Tabbas, mai sayar da "wasan da aka riga aka shirya" a Telegram. Yana da sirrin miliyoyi, amma katin waya yake roƙo.

Na ƙarshe shi ne Mai Ramuwa, kuma duk waɗancan hanyarsu ta nan take ɓullewa. Shi ya daina mafarkin mota. Abin da aka cinye masa kawai yake son ƙwatowa. Ya rasa dubu biyar, ya zuba goma. Jiran Asabar ya yi masa nisa, sai ya koma wasannin kwamfuta da ake kammalawa cikin 'yan mintuna, dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali cikin jerin cututtukan jaraba, da alamomin da iyalinsa suka riga suka haddace: ya kasa tsayawa, caca ta sha gaban komai, yana ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Kuɗin adashin matarsa ya tafi, jarin shagon maigidansa ya yi giɓi. A makon jiya an gan shi a kasuwar waya ta Farm Centre yana cinikin wayarsa, yana tambayar mai saye ko zai ara masa ita minti biyar ya duba sakamako.