Akurkin da Ke Yawo da Kajinsa

Na san abin da za ku ce, don haka bari in rage muku wahala in faɗa da bakina. Za ku ce: "Ikon Allah! Yanzu kuma kaza ce za a yi wa ɗaki mai tafiya? Tun kaka da kakanni muke kiwon kaji, wa ya taɓa ganin an ɗauki akurki ana zagaya gida da shi?" Baba na can ƙarshen tabarma, na ga ka karkace hula kana murmushi. Kai kuma Malam mai rediyo, ka riga ka yanke hukunci cewa aikin 'yan boko ne da suka rasa abin yi. Ku yi dariyarku ta ishe ku. In kun gama, ina da tambaya.

Kazar gidanku da ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai, 'yan tsaki nawa ta ƙyanƙyashe, nawa ne kuma suka kai wata 2 a raye? Kada ku yi saurin ba ni amsa, ku shiga cikin gida ku tambayi mata, su ke riƙe da lissafin. Ku maza ai ba ku sanin kaza sai ranar da ta iso gabanku a kwano. Shirwa ta sure nata da hantsi, muzuru ya zo da dare ya karɓi kasonsa, tunku da gafiya ma ba a bar su a baya ba. Wani ɗan tsakon ya faɗa kwata, wani ruwan sama ya yi masa duka har sanyi ya kashe shi. Sai a tafa hannu a ce ba rabonmu ba ne. To, ita shirwa da kullum rabonta ke fitowa a gidanku, gadon wa take ci?

Abin da zai ba ku haushi shi ne, wannan dabarar da kuke wa dariya a gidanku aka fara ta. Wa bai ga Inna ta kife kaza da 'ya'yanta da kwando ba, ta ɗora dutse a kai, rana na juyowa ta ja shi zuwa inuwa? Akurki mai yawo ke nan, sai dai ya yi wa kaza kaɗan. Abin da nake cewa kawai, a faɗaɗa kwandon Inna, a yi masa rufi da ƙofa da mariƙi.

Kuma ba sai an je kasuwa an zubar da kuɗi ba. A samo sanduna biyu dogaye na gora, ko tukurwa in ana kusa da fadama, ko miƙaƙƙun rassan darbejiya. Su ne ƙashin bayan aikin. Tsawon akurkin kamu 4, faɗinsa kamu 2, wato kusan mita 2 da mita 1, amma a bar sandunan su zarce ta gaba da ta baya yadda hannu zai samu wurin kamawa. Tsayinsa kada ya wuce kwankwason babba. A haɗa kan a sama ya yi tsini, don ruwa ya riƙa zubewa gefe. Ɗauri kuwa, igiyar rama ko ta kaba ta isa, amma robar cikin tsohuwar tayar babur ta fi riƙewa, ga shi ba ta fasa gora yadda ƙusa ke yi.

Sai a raba shi biyu. Kashi ɗaya cikin uku ɗakin kwana ne: a zagaye shi da zana ko kara da aka tsara sosai, a rufa shi da ciyawa, a shimfiɗa leda ko tsohon buhu a ƙarƙashin ciyawar saboda yoyo, a yi masa daɓen ƙananan sanduna da ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya. A gitta sanda a ciki don manyan su hau su kwana, a ajiye fasasshiyar tukunya da ɗan busasshen ganye da toka don mai ƙwai. Sauran kashi biyun tsakar gida ne, ba daɓe, ƙasa ce tsagwaronta, don kaza ta yi tononta. Shi ake zagayewa da ragar waya in da hali, in babu a saƙa tsinkayen gora, a matse su yadda yatsa biyu ba za su shige ba. Na ga masu amfani da gidan sauro. In tsohon ne da ya yayyage, babu laifi, amma wanda ya cire sabon da aka ba shi don 'ya'yansa ya lulluɓe kaji da shi, wannan maganarsa daban ce. Kwanon rufi kuma ku bar shi: ga nauyi, ga shi da bazara sai ya gasa muku kajin tun ba a yanka su ba.

Na ji ka, Alhaji. Ka ce abu mai sanduna biyu, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, ai makara ce. Wallahi ta yi kama, ban musa ba. Sai dai wannan makarar, waɗanda ke ciki ne ke tsira, na waje ake yi wa ta'aziyya.

Me ya sa sai ya yi yawo? Ku leƙa akurkin laka da ke bayan ɗakin Goggo, in hancinku zai jure. Kashi ya taru shekara da shekaru, ƙuma da kwarkwatar kaji sun yi gida a tsagar bango, ba mai iya shiga ya share. Shi kuwa wannan, kullum ko bayan kwana 2 sai a ɗaga shi a matsa gaba. Kaji su samu sabuwar ƙasa da ɗanyar ciyawa da ƙwari, rana ta busar da inda aka bari. Gara ma ba ta samun sukunin kama ƙafar abin da ba ya kwana uku a wuri ɗaya. Ku da kuke lallashin Fulani su sauka a gonarku bayan girbi don shanu su bar muku taki, ku ne za ku raina kashin kaji, wanda ya fi na shanu ƙarfi? Ku zagaya da akurkin a kan filin da za ku shuka alayyafo ko albasa a bayan gida. Ku dai bar wurin ya huta 'yan makonni kafin shuka, don ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi.

"To wa zai ciyar da su?" Yawwa, yanzu kuka yi tambayar masu hankali. Wanda ya kulle kaza ya ɗauki nauyin cikinta: dusa, tsakin masara ko na dawa, ganyen zogale, da gara, wadda 'yan tsaki ke rububi. Ruwa a cikin yankakken galan, a zuba tsakuwa a ciki kada ƙananan su nutse. Shi ya sa ban ce ku tsare duk kajin gida dare da rana ba. Kazar Hausa 'yar yawo ce, ku bar manya su yi kiwonsu. Akurkin na mai 'ya'ya ne har su kai mako 6 zuwa 8, da kwanan dare, da kuma farkon damina, lokacin da kazarka ke tone shukar maƙwabci ana kai ƙara gun mai unguwa.

Kada kuma wani ya je ya ce na ce akurki na maganin fakat. Cutar nan da ke share kajin gari da hunturu ba ta tsoron zana. Rigakafi ne maganinta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido, mai ɗan jure zafi. Ku nemi malamin dabbobi tun kafin iska ta juya. Amfanin akurkin a nan shi ne, ranar ɗiga maganin ba sai yaran gida sun yi ta tsere da zakara a bayan rumbu ba, kuma sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa tana da inda za a ware ta mako 2 kafin ta cuɗu da na gida.

Saura kai na can baya, da tun ɗazu kake ɗaga hannu. Ka ce da ɓarawo kan kama kaza ɗaya ya ruga, yanzu na haɗa masa su wuri ɗaya har da mariƙi. Gaskiyarka, shi ya sa da magariba ake shigo da shi tsakar gida, kusa da taga. Kuma mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarsa, dole sai ya nemo abokin aiki. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, duk majalisar nan ba wanda wannan tunanin ya zo wa sai kai. Baba, a riƙa lura da yaron nan.