Ruwan Ido a Kan Akwatin Katako

Gara in faɗa da bakina kafin uwargida ta kai zancen gidan biki: shekara biyar ke nan ina zaɓen kyamara, har yau ban saya ba. Da farko ba rashin kuɗi ne ya hana ni ba, shi a hanya ya tarar da ni. Ruwan ido ne, irin wanda mai shi ke shiga kasuwa da hantsi ya fito da magariba hannu rabbana, amma ya san farashin komai.

Tun ina ɗan firamare ciwon ya kama ni, ranar da aka kwashe mu daga Daudawa zuwa Funtuwa ɗaukar hoton jarrabawa. Mai hoton yana gindin darbejiya da wani akwatin katako mai ƙafa uku. Ya zaunar da ni a benci, ya ce kada in ƙifta, ya cire murfin gilashin, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Sai ya zura hannu cikin akwatin yana lalube, ashe tasoshin ruwan wankin a ciki suke. Takardar farko ta fito da ni da farar fuska da baƙar riga, sak ɗan aljani. Ya manna ta a wani ɗan allo gaban akwatin, ya sake ɗaukar ta, ya ɗauraye a bokiti, sai ga ni na dawo mutum.

Na girma, na manta. Sai a 2020, lokacin kullen korona, na ci karo da hotunan Seydou Keïta na Bamako a waya. Mutumin nan kafinta ne ɗan kafinta kafin ya buɗe shagon hoto a 1948, kuma da babbar kyamara mai faifan santimita 13 da 18 ya yi aikin da duniya ke yabo. Ka dubi hoton mace, har zaren atamfarta kana iya ƙirgawa. Nan take na yanke hukunci: ni ma sai na ɗauki gonar audugar kawuna da irin wannan, shi yana tsaye a tsakiya da kaka, sa'ad da gonar ta yi fari fat.

Hukuncin ƙarshe ke nan da na iya yankewa.

Ita wannan kyamara ba wani abu ba ce illa katako biyu da zugazugi a tsakani, ana ninke ta kamar allo da marfi. Gilashi na gaba, fim na baya, faifai guda mai inci 4 da 5, wanda ya fi na ƙananan kyamarorin da sau goma da ɗoriya. Za ka lulluɓa da baƙin ƙyalle ka leƙa, sai ka ga duniya a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Abin da ya tafi da imanina shi ne ana iya karkata katakon gaba kaɗan, sai audugar da ke gaban ƙafarka da kukar da ke ƙarshen gona su fito rangaɗau a lokaci guda. Duk wannan na haddace shi. Ko sau ɗaya ban taɓa lulluɓa na leƙa ba.

Na fara son Tachihara ta Japan, mai jan katako, wadda ba ta kai kilo biyu ba. Sai na ji an daina yin ta, kuma tsohuwar zugazugi tana iya samun huda kamar ta allura, haske ya shiga ya ɓata fim. Na koma Deardorff ta Cikago, wadda aka soma ƙerawa tun shekarun 1920 da katakon da yake ɗan'uwan maɗacinmu. Na yi wata biyu ina alfahari da wannan zumunci, har na gane babbar, mai inci 8 da 10, ta haura kilo biyar, ban da ƙafafu. Wa zai ɗauka a kan babur? Intrepid ta Ingila tana da araha, amma falwud ce, ni kuwa na ga abin da damina ke yi wa falwud a ƙofar kicin ɗinmu. Shen Hao da Chamonix na Sin su ne daidai, to amma wacce a ciki? Shekara guda na yi a kan wannan tambayar.

Da na rasa aibun kyamara sai na koma neman na garinmu. Ƙurar hunturu za ta zauna a fim. Gara za ta ci katakon. A ɗaki mai duhu ƙirin ake loda fim, ɗakina kuwa rufinsa kamar rariya. Kuma a halin da yankinmu na Faskari ke ciki, mutum ya kafa abu mai ƙafa uku a bakin daji ya rufe kansa da baƙin ƙyalle, me zai gaya wa 'yan sintiri? Wannan uzurin kaɗai ne mai ƙarfi, shi ya sa nake tattalinsa.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Mutane na tafiya mai nisa don su ji muryar 'ya'yansu. Ina jin kunyar faɗa, amma da na samu zuwa Zariya, kafin in kira kowa sai da na duba ko wata Tachihara da nake bibiya tana nan. An sayar. Na ji haushi kamar an yi mini ƙwace, alhali ko tayi ban yi ba.

A lokacin dala tana wajen naira 500 a kasuwar bayan fage. A 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin da na ajiye na kyamara da gilashi da fim, yanzu da ƙyar su sayi gilashin.

Kada a ce ban yi komai ba. Na sa tela ya ɗinka mini baƙin ƙyallen, ninki biyu, yanzu da shi ake rufe kwanon tuwo. Na kai wa wani dattijon kafinta hoton kyamarar, ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, “Malam, wannan ai akwati ne da zugazugin maƙera. Kawo maɗaci busasshe, mako biyu ka dawo.” Na ce zan yi shawara tsakanin maɗaci da maje. Bara waccan ke nan. Sirdi da linzami duk na tanada, doki ne babu.

Da kakar bana na je gaida kawu. Ya bar auduga ya koma masara da waken suya, kuma yanzu sai da sanda yake fita.

“Ɗan nan, ina hoton namu?”

Na ce, “Kawu, ana nan ana shiri.”

Bai ce komai ba. Ya kira jikarsa, ya gyara hula, ya dafa sandar. Ta ɗaga waya, ƙyas, ta nuna masa, ya ce ya yi. Ta turo mini a WhatsApp. Hoton ya yi kyau, sai dai rumbun da ke bayansa ya ɗan dushe, kuma na san ainihin yadda za a karkata katakon gaba ya fito. Daren nan na ga wata Gandolfi ta Landan mai ƙarfen tagulla, ban saka ta a lissafi ba a da.