Taku Ɗaya Kacal

Layinmu, can bayan ganuwar Kano inda aka yanka filaye da awon igiya, ya taɓa ɗaukar tifar yashi. Ni shaida ne, don ita ta kawo yashin ginina. Yau in A Daidaita Sahu biyu suka yi kiciɓis, sai ɗaya ya koma da baya har bakin titi, direbobin na gaisar da iyayen juna.

Kuma babu wanda ya saci layin, kowa taku ɗaya ya ɗiba. Alhajin kan kwana ya fito da dakali saboda 'yan hira. Maƙwabcinsa ya ga ai ba a fi shi gata ba, ya haƙa sokawe a waje. Na gaba ya fasa zaure ya yi shago, shago ya haifi rumfa, rumfa ta haifi firji da buhunan fiya wata. Ni kuwa, Allah ya gani, 'yar matakala kawai na ƙara, ita ma don tsohuwa.

Akwai kududdufi a ƙarshen layin da. Shekara da shekaru muna ciyar da shi shara har ya ƙoshi, sai dillali ya zo da igiyarsa ya fitar da fuloti, aka raba fulotin biyu, kowane rabi aka tsaga shi ɗakunan haya. Shi ruwa bai san an sayar da gidansu ba. Duk Agusta sai ya dawo, in ya tarar da baƙi ya zarce falonmu. Mu kuma da hadari ya haɗo, yara ke rige-rigen juye kwandon shara a lambatu don ruwa ya tafi da ita. Da asuba muna kwalfe ɗaki da bokiti muna cewa ikon Allah.

Lokacin rusau na 2023, da aka rushe shagunan Filin Idi, majalisarmu ta kwana tana muhawara kan masu cin filin jama'a. Alhaji ya fi kowa zafi, har yana dukan dakali, dakalin da ke zaune daram a kan lambatu.

Mai karatu, in za ka kawo mini ziyara, ajiye motarka a bakin titi ka tako. Gidan da matakalarsa ta fi fitowa, shi ne nawa.