Yadda Ake Ciyar Da Mota Masara

Mota ba ta da haƙora. Shi ya sa a Amurka sai an niƙa mata masarar, a jiƙa, a bari ta yi tsami, a tace, sannan a ɗura mata a tanki. Sunan ruwan itanol. Sarrafa shi bai da nisa da dahuwar burkutu, amma tunda mai shan mota ce, Hisba ba ta da hurumi a ciki. Duk da haka ana ɗiga masa ɗan fetur tun daga masana'anta, don kada direba ya riga motar.

Ba motar ce ta nuna sha'awa ba, doka ce ta ɗora mata. A 2005 majalisar Amurka ta wajabta gauraya man mota da irin wannan ruwa, a 2007 ta ƙara adadin. Yau yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a can, kashi 10 cikin 100 na kowace lita itanol ne, kuma wajen kashi ɗaya bisa uku na masarar ƙasar can take tafiya. Har ƙarshen 2011 gwamnati na yafe wa mai gaurayawa santi 45 na haraji a kowane galan. Da aka cire wannan rangwame, tilas ɗin ya zauna daram.

Hikimar a fili take. An samar wa manomi mai saye da ba ya ƙoshi, ba ya azumi, ba ya tayawa. Jihar Iowa ce kan gaba a noman masara, kuma a can masu neman takarar shugaban ƙasa suka saba fara gwada farin jininsu. Da wuya ɗan takara ya kwana a Iowa ya wayi gari bai gano amfanin itanol ba. A can dai ana ƙona man dizal a tarakta, a ƙona iskar gas a yi taki, a noma masara, a mayar da ita mai. Daga abin da ya saura a fitar da wani kaso ƙasashen waje, Meziko ce babbar mai saye. A 2018 da 2019, da rikicin ciniki da Chaina ya toshe wa manoman kasuwa, gwamnati ta biya su biliyoyin daloli, saboda ba laifinsu ba ne.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun 2007 Najeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai, aka damƙa wa NNPC, da burin kashi 10 ɗin nan. Takardar na nan cikin ƙoshin lafiya. Motocin da ke ratsa Birnin Kudu zuwa Maiduguri kuwa, masarar da ta taɓa shiga cikinsu ita ce gasasshiyar da direba ya saya a bakin titi.

Tsarinmu ya fi na Amurka sauƙi, kuma ya fi arha, don a nan manomi ne ke bayar da tallafin. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai. Injin ban ruwa ya ƙara kuɗin abincinsa, motar da ke kai kaya kasuwar Sara da ke Jigawa ta ƙara nata, mai taki ya ce dala ce. A farkon 2024 hatsi ya yi tsada, manomi ya fara murmushi, sai kwastan suka shiga tare motocin hatsin da suka nufi iyaka, don kada murmushin ya tsallaka Nijar. A Yuli aka sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashi ya sauko. Taki bai ji sanarwar ba.

Riɗi da zoɓo, su an yarda su fita, har Meziko ɗin ma zoɓon Jigawa na zuwa. Ƙa'idar ita ce, manomi na da damar fitar da duk abin da ba a tuƙa tuwo da shi. Tallafin gwamnati ma akwai: an fara shirin rancen Anchor Borrowers a 2015, an ƙaddamar da na alkama a Jigawa a Nuwamba 2023, da kayan noma a rabin kuɗi. Mai so sai ya tabbatar sunansa na cikin jerin, wanda aiki ne dabam da noma, kuma yana da nasa gwanayen.

Mai son ganin tsarin da ido ya je Sara da kaka. Mutumin Gwaram zai sauke buhunsa, dillali ya cusa hannu har wuyan hannu, ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya tauna yana kallon sama.

“Baba, da sauran danshi.”

“Albarka.”

Dillali ya ƙara ɗari biyar. Albarka. Sai mai mota ya danna ham, yana jiran kuɗin kawo kaya, ga mai taki da aka yi wa alkawarin kaka tsaye a inuwa, ya harɗe hannu. Baba ya dubi buhun, wanda kuɗinsa ba zai sayi buhun kamfa ba, ya ce ya sallama. Da wannan ya biya wa mutanen birni kasonsa na tallafin tuwo. Ba a ba shi rasit, don haka adadin ba ya fitowa a kasafin kuɗi.