'Yan Rakiyar Sayen Laftof

Da zarar sunayen sababbin ɗalibai sun fito a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, sai wayar duk wanda aka taɓa gani da kwamfuta a cinya ta fara ruri. Ni dai dangi sun naɗa mini rawanin masanin kwamfuta ne saboda na iya haɗa firinta. Da wannan sarautar na sha rakiya Beirut Road da Farm Centre, kuma mutanen da nake gamuwa da su ba sa canzawa, fuskokinsu ne kawai ke sauyawa.

Na farko ɗalibin ne da kansa. Ya gaya wa mahaifinsa karatun nasa sai da "mai girafik". Ka tambaye shi me zai karanta, ya ce Tarihi. Wasan FIFA ne a ransa, kowa ya sani ban da mai biyan kuɗin. Shi kuwa Alhaji ma'auninsa ɗaya ne: ya ɗaga ta ya jinjina, in ta yi nauyi ya ce, "Yawwa, wannan ita ce mai ƙarko." Ga 'yar gayu da ba ta ganin komai sai tuffar da ke bayan murfi. Sati uku da fara lacca za ka gan ta tana aron ta ƙawaye, don manhajar da malami ya raba ta Windows ce. Sai Yaya Masani, wanda ya haddace "Core i7" ya rufe littafi. Ka ce masa i7 iri-iri ce, ta 2012 daban, ta bara daban, ya dube ka da tausayi ya ce, "Bakwai dai ta fi biyar, ko ba ka yi lissafi ba?"

Amma gwanina a cikinsu duka shi ne Mai Garanti. Wannan bawan Allah ba ya tambayar ram, ba ruwansa da SSD, bai damu da awa nawa batir ke riƙe caji ba. Tambayarsa ɗaya: "Tana da garanti?" Aka ce shekara guda, shi ke nan, ciniki ya faɗa. Rasit zai sa a leda ya ajiye tare da takardun fili. Kwalin yana saman wadirof, an hana yara taɓawa. Ledar da ke manne a murfi ba za a ɓare ta ba har ta yi baƙi, sitikun da ke gefen madannai kuwa ko kallon su ka cika yi sai ya janye kwamfutar. Takardar garantin kaɗai ce bai taɓa buɗewa ba. A wurinsa laya ce, kuma ba a buɗe laya.

Da wannan imanin yake rayuwa. Yana shan shayi a kanta. Yana jona ta kai tsaye a janareton mai caji na bakin hostel. Yana ratayo ta a baya ya cusa kansa cikin adaidaita sahu. In ka yi magana ya yi murmushin masu rufin asiri: "Bar ta, kamfani ne da asara."

Ranar da kofin shayi ya kife, ranar ake fara karatun takardar, da tocilan waya da ƙamus. A nan zai gano abin da kusan duk masu ƙera kwamfuta suka rubuta da ƙananan baƙaƙe: sun ɗauki alhakin lahanin da ya fito daga masana'anta ne kawai. Ruwa ba ya ciki, faɗuwa ba ta ciki, wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙone ta ba ta ciki, batirin da ya tsufa ya rage riƙo ma sun ce halinsa ne. In kuma kawu ne ya yi tsarabarta daga Dubai ko Amurka, sai a fara binciken ko alkawarin ya tsallako teku tare da ita. Duk da haka Mai Garanti ba ya karaya. Ga mai gyara a gabansa da sukundireba yana cewa, "Oga, bari in buɗe in busar da ita tun kafin ta yi tsatsa," shi kuwa ya rungume ta: "A'a! In ka buɗe, garantina ya karye." Ya naɗe ta a tawul, ya ba direba ya kai Legas. Jarrabawa ta zo ta wuce, ya buga aikin gida da babban yatsa a waya, kuma har yanzu in kun haɗu zai ce maka, "Suna kan dubawa."

Duk waɗannan ina yi musu dariya ne da zuciya ɗaya. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai shagon da ke dafa ƙirji ya ce, "Ƙanena, ni ne garantinka." 'Yar Beljiyam ba laifi ba ce, na ga ThinkPad da Latitude na hannu da suka raka ɗalibi daga aji ɗaya har bautar ƙasa. Laifin shi ne ka ga yaro ya shigo da kuɗin da uwarsa ta kwashe daga adashi, ka gane bai san komai ba, ka goge masa tsohuwar da ta haura shekara goma, ka manna mata sabuwar sitika, ka ce "Landan yus ce, Bature ko wata shida bai yi da ita ba." Ka san Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Ka san Windows 11 a ƙa'ida tana neman jenareshon na takwas zuwa sama a injinan Intel, wannan kuwa na uku ce. Ka san batirin minti ashirin yake yi, shi ya sa aka gwada ta a jone. Kuma a kan haka ka dinga jero rantsuwa. Rasit ɗin ma an rubuta "laftof ɗaya", ba lamba, ba komai, sai garantin sati guda da baki. Yaron ya dawo rana ta biyar, allo ya yi layi-layi, sai yaron shago ya ce Oga ya tafi Legas sari. Rana ta tara Oga ya dawo, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ai ba haka muka ba ka ita ba."

Akwai kuma nau'i na ƙarshe, ɗan rakiya mai rawani. Shi ne ke sa a cire caja a ga ko za ta ɗauke, ya sa a duba lambar jikinta a shafin kamfani a ga ranar da garantin ya ƙare, ya latsa madannai ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Mai shago ya tsane shi, Alhaji ya sa masa albarka. Kada dai kowa ya ce zai biyo shi gida ya ga tasa, domin salatif ne ke riƙe da murfin, harafin "a" ya daina aiki tun azumin bara, kuma in aka ɗauke wuta ita ma ta tafi.